Tambaya da Amsa: Yadda Ake Ƙara wa Kwamfutar Tebur RAM

Tambaya: Assalamu alaikum. Kwamfutata ta tebur RAM ɗinta gigabait 4 ne, kuma da zarar na buɗe Chrome da Word tare sai ta fara jan ƙafa. An ba ni shawarar in ƙara mata RAM. Wanne zan saya, kuma zan iya sakawa da kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam, malam. Za ka iya sakawa da kanka, aikin bai da wuya. Inda mutane suka fi yin asara shi ne wajen saye, don haka a nan zan fi tsawaitawa.

Da farko ka tabbatar RAM ɗin, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe ayyukan da ka buɗe a cikinta, shi ne ya yi kaɗan. Lokacin da kwamfutar ke nauyin, danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Shiga Performance, ka duba Memory. In ka ga ya kusa cika, to ƙarin zai yi amfani. In kuwa da sauran wuri amma Disk ne ke tsaye a kashi 100, matsalar daga faifan ajiya ne, musamman irin na da mai juyawa, kuma sa SSD, wato faifan zamani mai sauri wanda ba ya juyawa, zai fi yi maka magani. A wannan shafin dai za ka ga gudun RAM ɗinka da yawan guraben da aka cike.

Sai nau'i. Akwai DDR3, DDR4 da DDR5, kuma babu wanda ke shiga gurbin ɗan'uwansa. DDR3 na tebur haƙora 240 gare shi, wato ƙananan ƙarafan da ke jere a ƙasan sandar RAM, DDR4 da DDR5 kuwa 288 kowanne, amma tsagar da ke tsakanin haƙoran ba wuri ɗaya take ba. Da gangan aka yi haka, domin ƙarfin wutar da suke sha ya bambanta: DDR3 bolt 1.5, DDR4 1.2, DDR5 1.1. Madabod, wato babban allon da komai ke haɗe a kansa, shi ke yanke nau'in da za ka saya. Ko furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta Intel zubi na 12 zuwa na 14 da ke iya aiki da DDR4 da DDR5, madabod ɗinta ɗaya kawai zai karɓa.

Hanya mafi tabbas ita ce ka zare wanda ke ciki ka karanta takardar da ke manne a jikinsa. PC3-12800U na nufin DDR3 mai gudun 1600, PC4-25600 kuma DDR4 ne mai gudun 3200. Ka lura da harafin ƙarshe sosai. U na kwamfutar tebur ta yau da kullum ne. In ka ga R, na manyan kwamfutocin saba ne, masu yi wa wasu kwamfutoci hidima, ko ya shiga gurbin kwamfutarka ba za ta tashi da shi ba. Gajerun nan kuma na laftof ne. Daga nan ka nemo sunan madabod ɗin da manhajar CPU-Z, ka duba iyakar gigabait ɗin da yake ɗauka a littafinsa. Ka kuma tabbatar Windows ɗinka mai bit 64 ce, don mai bit 32 ba ta amfani da abin da ya haura gigabait 4, ko nawa ka zuba mata.

A ra'ayina gigabait 8 shi ne mafi ƙaranci a yau, 16 kuma zai ba ka kwanciyar hankali. Sanda biyu masu 8 iri ɗaya sun fi sanda guda mai 16, saboda furosesa za ta riƙa ɗiban bayanai ta hanya biyu a lokaci guda.

Wajen sakawa, kashe kwamfutar, zare wayar wuta daga bango, ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma don sauran wutar ta fita. Buɗe murfin gefe, ka taɓa ƙarfen akwatin don lantarkin da ke taruwa a jikin mutum ya sauka. Riƙe RAM ta gefuna, ban da haƙoran. Buɗe 'yan maƙallan bakin gurbin, daidaita tsaga da tudun da ke ciki, sannan ka danna gefe biyu da manyan yatsu har maƙallan su rufe da kansu ka ji ƙas. In guraben huɗu ne kuma sandunanka biyu, yawancin madabod na so a sa a na biyu da na huɗu in ka ƙirgo daga furosesa, waɗanda aka rubuta wa A2 da B2.

Tambaya: Na sa sabon RAM, fanka na juyawa amma sikirin baƙi ƙirin, wani lokaci har ƙara take yi. Na ƙona ta ne?

Amsa: Da wuya, 'yar'uwa, ki kwantar da hankalinki. Galibi sandar ce ba ta zauna ba, saboda mutane na tsoron dannawa da ƙarfi, sai gefe ɗaya ya shiga ɗayan ya ɗage. Ki zare wuta, ki cire, ki sake dannawa. In bai yi ba, ki gwada sanda ɗaya ita kaɗai, sannan ɗayar, sannan ki sauya gurbi. Ta haka za ki gane ko sandar ce matacciya ko gurbin. In ƙura ta taru ki hure ta, haƙoran tsohon RAM kuma ki goge su a hankali da magogin fensir. Idan duk bai yi ba, ki cire ƙaramin batirin nan CR2032 na kan madabod na 'yan mintuna ki mayar, saitin BIOS, wato manhajar madabod da ke tada kwamfutar, zai koma na asali. In DDR5 ne, ki ɗan yi haƙuri a kunnawar farko, don yakan ɗauki mintuna yana daidaita kansa kafin hoto ya bayyana.

Tambaya: Na haɗa tsohon RAM da sabo mai gudun 3200, amma kwamfutar 2133 take nunawa.

Amsa: In aka gwama masu gudu daban, dukkansu na sauka zuwa gudun mafi jinkiri. Ko da sabon ne kaɗai, da yawa daga masu 3200 a 2133 ko 2400 suke tashi har sai ka shiga BIOS ka kunna XMP, saitin da ke sa RAM ya kai cikakken gudunsa, wanda wasu allunan AMD ke kira DOCP ko EXPO, in dai madabod da furosesar sun yarda. Gwamin kansa yana iya jawo daskarewa ko shuɗin sikirin. Danna maɓallin Windows da R, rubuta mdsched, ka bari kwamfutar ta sake tashi ta gwada RAM ɗin. In ta nuna kuskure, cire tsohon ka sake gwaji da sabon shi kaɗai.