Yaya, ga amsar tambayarka kan inda Turawa ke kai masu taɓin hankali

Yaya barka da war haka, ya iyali ya zafin Kano. Naga saƙonka tun shekaranjiya, dutin dare ne ya hanani amsawa. Kace duk hotunan da nake turowa baka taɓa ganin mahaukaci yana yawo a titi ba, wai ko Turawa basa haukacewa ne, in kuma suna yi ina suke kaisu, mu kuma Hausawan dake nan ya muke yi in abun ya faɗo kan namu. Wallahi saida nayi dariya, dan tambayar ta faɗo gidan da ya dace, shekarata tara ina aikin nas a wannan ɓangaren.

Suna yi mana, sosai ma. A da ɓoye su ake yi. Yankin da muke ciki a Yorkshire, nan Ingila, sunansa West Riding a da, gunduma ce guda har 1974, kuma tun 1818 ta gina gidan mahaukata na talakawa a Wakefield, kaga tun zamanin Sarkin Musulmi Bello kenan. A 1845 akayi dokar da ta tilasta wa kowace gunduma tanadar irin wannan gida, to fa shikenan, na Wakefield ya cika aka gina wani a Wadsley kusa da Sheffield a 1872, aka ƙara na Menston a 1888, sannan Storthes Hall wajen Huddersfield a 1904. Ana ginawa yana cika.

Na Menston shine kusa damu, daga baya aka sa masa suna High Royds. Kar ka kawo asibitin masu taɓin hankali na Dawanau a ranka, wannan gari ne sukutum a bayan gari, da doguwar hasumiya mai agogo, da gonarsu da shanunsu da gidan burodinsu, harda layin dogo nasu na kansu da babban ɗakin rawa, maza ɓangarensu daban mata daban, majinyatan ne ke noman suna wanki suna ɗinki. Daga waje sai kace fadar sarki. Amma shiga sauƙi ne, fitar ce aiki, wani zai shiga da ƙuruciyarsa sai dai gawarsa, kuma ba duka ne ma masu taɓin hankali ba, akwai masu farfaɗiya, da tsofaffin da ruɗewar tsufa ta kama, da wanda kawai danginsa sun gaji dashi. Akwai wata maƙabarta a gefen wajen, Buckle Lane, mutum sama da 2,800 ne kwance a ciki waɗanda ba wanda yazo karɓar gawarsu, yawanci ko suna babu a kan kabarin. Ranar da na fara zuwa wajen na kasa cin abincin dare.

Harda ɗan Najeriya ya zauna a ciki. David Oluwale, mutumin Legas, ya ɓuya a jirgin ruwa ya sauka Hull a 1949, a 1953 bayan wata hatsaniya da 'yan sanda aka kaishi Menston, saida yayi shekara takwas ana ɗura masa magani ana jona masa lantarki a ka. Da ya fito bai ƙara komawa daidai ba, ya koma kwanan titi a Leeds, a 1969 aka tsamo gawarsa daga kogin Aire, a 1971 kotu ta ɗaure 'yan sanda biyu da laifin dukansa. Yanzu akwai gada da sunansa a cikin gari, nakan bi ta kai.

Abinda ya kashe gidajen nan, magunguna sun fito a shekarun 1950, kuɗin riƙe su ya yiwa gwamnati yawa, ga labaran cin zali suna ta fitowa, a 1961 ministan lafiya Enoch Powell ya fito ƙarara yace a fara rufe su. Amma saida aka ja lokaci, na Wakefield sai 1995, High Royds kuwa sai 2003. Yanzu gidajen kwana ne masu tsada a wajen, mutane na shanya kaya inda ake kulle bayin Allah.

To mu kuma. Gaskiya Yaya halinmu na gida muka taho dashi cikin akwati. In yaro ya fara surutai ko mace ta rikice bayan haihuwa, abu na farko ɓoyewa, kar a ji, kar ya hana ƙannenta aure. Sai a fara da tofi da rukiyya, a kira malami a waya daga Zariya ko Sakkwato, a aiko da rubutu da habbatussauda ta hannun mai zuwa. Ni bana hana kowa addu'a, nima ina yi, faɗana da mutanenmu ɗaya ne, a haɗa da likita tun abu na ƙarami. Dan anan ba turu ba mari, in ka ɗaure mutum a ɗaki maƙwabta suka ji ihu 'yan sanda ne zasu ƙwanƙwasa maka ƙofa. Kuma in ciwon ya kai mutum zai cutar da kansa ko wani, dokar 1983 ta bada damar a riƙe shi a asibiti ko baya so, har kwana 28 dan a duba shi, ko wata shida dan magani. Wannan riƙewar ita mutanenmu ke tsoro, kuma bazan ce tsoron banza bane, dan alƙaluman gwamnati da kansu sun nuna ana riƙe baƙar fata fiye da ninki uku na farare. Saidai wanda aka ɓoye har ciwon yaci ƙarfinsa shine yafi shiga ta wannan ƙofar, wanda akaje dashi wajen likitan unguwa da wuri sau da yawa a gida yake shan maganinsa nas na leƙo shi.

Abinda muke yi yanzu a tsakaninmu, in aka kwantar da wani sai matan mu su raba kwanaki, yau wance ce zata kai tuwo gobe wance, maza kuma su riƙa zuwa ranar Juma'a bayan masallaci, dan ma'aikata su san mutumin nan yana da dangi, na gani da idona yadda kulawa ke canzawa in ana zuwa dubiya. Muna kuma da ɗan asusun jana'iza da muke zubi duk wata.

Batun ɗan maƙwabcinku da kace an kai gidan mari, dan Allah ka yiwa babansa magana a kaishi Dawanau likita ya ganshi, in kuɗin mota ne matsalar ka faɗa min. Ka gaida Umma, kace mata man zafin na nan tafe.