Kunun yaro ɗan wata bakwai

'Yar'uwa, kin ce ɗanki yana shan kunu amma ba ya ƙara nauyi. Galibi kunun ne ya yi tsararo, cikinsa kuwa ƙarami ne, ruwa ke cika shi. Ki haɗa gwangwani 3 na gero ko masakwa (dawar rani), 1 na waken soya, 1 na gyaɗa. Ki soya waken har ya yi ƙamshi, ki sheƙe ɓawon, in ba haka ba zai kumbura masa ciki. Gyaɗar kasuwar Marwa ta Kamaru, musamman bayan damina, ki tsince duk mai fumfuna, gubarta na lalata hanta. Ki dama da kauri, har ya tsaya a cokali. Zuma dai sai ya shekara, nono kuma kar ki daina.