Tikitin yamma mai ragi a wurin wasan yara, ko akwai riba?

Maman Hanifa kin tambaya ko tikitin shiga bayan la'asar da ake yi wa ragi ya fi wa mai iyali. Ni dai ga ƙananan yara ya fi, don zafin Birnin Kebbi a watan Afrilu wa zai ɗora yaro kan lilon ƙarfe da tsakar rana? Amma ki fara tambaya, kuɗin ƙofa ne kawai ko har da hawa, don wasu wuraren kowane lilo kuɗinsa daban. Kuma banda ranar sallah! Bara mun shiga ƙarfe 4:30, layin motocin karo ya cinye mana lokaci, yarana 3 sau biyu kacal suka hau aka kira magariba, autar tana ta kuka har gida.