Tambayi Likita: Tafiyar Iyali Zuwa Tsibiri da Batun Shan Ruwan Teku

Assalamu alaikum. Saƙonnin wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi. Hutu ya matso, iyalai da dama a nan Kaduna suna shirin fita tare, kuma sunan da ya fi yawa a bakin masu rubutowa shi ne Zanzibar, tsibirin nan na ƙasar Tanzaniya. Yawancinsu iyaye ne da yaransu suka girma, an sa ranar wannan, wancan zai tafi bautar ƙasa, ana so a zauna wuri ɗaya kafin kowa ya kama gabansa. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. Akwai tambaya ɗaya da ta tayar mini da hankali, zan daɗe a kanta.

Tambaya (wani magidanci daga Barnawa): Likita, mai yi mana tikiti ya ce in ba da kuɗi kawai a kawo mana katin rigakafin shawara har gida, ba sai an yi allura ba. Da matsala?

Amsa: Da matsala, Malam. Kati ba ya tare cuta, allurar ce ke tarewa. Najeriya na cikin ƙasashen da zazzaɓin shawara yake, shi ya sa Tanzaniya ke tambayarmu katin. Ku je wurin jami'an lafiya na filin jirgin sama a yi muku allurar gaskiya, aƙalla kwana 10 kafin tafiya, domin sai bayan kwana 10 katin ke fara aiki. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Mai ciki, da wanda ya haura shekara 60, da mai raunin garkuwar jiki, su ga likita kafin a yi musu.

Tambaya (wata budurwa daga Unguwar Rimi): Ko jirgin ƙasa na shiga daga Rigasa zuwa Abuja sai zuciyata ta tashi. Yaya zan yi da jirgin ruwa?

Amsa: Ki ci abu kaɗan marar maiƙo, ki zauna tsakiyar jirgin inda iska ke kaɗawa, ki ajiye waya ki dinga kallon nesa. Citta na taimaka wa wasu. Akwai ƙwayar hana amai da ake sha awa ɗaya kafin a hau, amma tana sa barci, kada ki sha ta ki shiga ruwa.

Tambaya (wata amarya daga Tudun Wada): Saura wata biyu bikina, ina shafa man gyaran fata. Rana za ta ɓata mini jiki?

Amsa: 'Yata, idan man bilicin kike nufi, shi ne ke ɓata miki jiki, ba rana ba. Yana sirantar da fata, yana rage launin da ke kare ta daga ƙuna, kuma ranar bakin teku ba ta da sauƙi. Ki je ki ga likitan fata ya nuna miki yadda za ki daina, don wasu mayukan idan aka yanke su kwatsam fata na borewa. A can ki nemi man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama da haka, ki sake shafawa duk bayan awa 2, ki guji rana tsaka.

Tambaya (wata Hajiya daga Malali): Likita, mu shida za mu tafi. Babbar 'yarmu za ta tare bayan mun dawo, ƙanenta kuma zai tafi karatu waje, wataƙila ba za mu sake haɗuwa haka ba. Maigidana yana da hawan jini da ciwon suga. Wani ya gaya masa ciwon nasa sammu ne, idan ya sha ruwan teku kofi ɗaya kullum da asuba na kwana bakwai zai rabu da shi, amma da sharaɗin ya ajiye maganin asibiti. Har jarka ya saya zai ɗebo wa 'yan uwa. Na yi magana ya ce ba ni da tawakkali. Me zan yi?

Amsa: Hajiya, Allah ya saka miki da alheri da kika rubuto tun kafin ku tashi. Don Allah ki karanta wa Alhaji wannan amsar, ko ki ba babban ɗanku ya karanta masa.

Alhaji, Allah ya ƙara maka lafiya. Lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35. Abin da aka yarda babban mutum mai lafiya ya ci a yini guda, har da na miya da na dunƙule da na burodi, bai kai giram 5 ba, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Ruwan teku cikin ledar fiya wata ɗaya ya ninka wannan fiye da sau uku. Kai kuma da aka ce ka rage gishiri, har Hajiya ke raba maka tukunya, shi ne za ka sha shi tsagwaronsa kwana bakwai a jere, cikin zafi, kuma babu magani a jikinka?

Ga abin da ke faruwa a ciki. Gishirin na janyo ruwa zuwa cikin jijiyoyi, jini ya hau. Ƙoda kuma ba ta iya yin fitsari mai gishirin da ya kai na teku, don haka sai ta ɗebi ruwan jikinka ta haɗa kafin ta iya fitar da shi. Ka sha kofi ɗaya, ka yi asarar fiye da kofi ɗaya. Daga nan sai zawo da amai su biyo baya, kuma a nan ne mutane ke ruɗuwa, a ce ai ga cutar nan tana fita. Wallahi ba cuta ce ke fita ba, ruwan jikinka ne ke ƙarewa. Mai ciwon suga da ya bushe haka, sugansa na iya tashi har ya suma, ƙodarsa na iya tsayawa. Mai hawan jinin da ya ajiye magani ya ɗora gishiri a kai, shanyewar ɓarin jiki yake gayyata.

Mu a nan ba baƙi ba ne ga wannan labari. Duk wanda ya yi wayo a watan Agusta na 2014 ya tuna daren da wayoyi suka yi ta ƙara kafin asuba, ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha don kariya daga Ebola. Aƙalla mutum 2 sun rasu a ƙasar nan, an kwantar da wasu da dama a asibiti, kuma masu hawan jini ne suka fi jin jiki. Abin da ke ba ni haushi shi ne, wanda ya ba da shawarar ba ya nan lokacin da ake neman gado a asibiti. Hajiya ce za ta kwana a benci.

Batun tawakkali kuwa, ba na jayayya da addu'a, ni ma ina yi wa marasa lafiyata. Ka yi addu'o'inka, ka yi tofi a ruwa mai tsabta ka sha. Malamai sun ce ruwan teku mai tsarki ne, ka yi alwala da shi ba laifi. Amma tsarkinsa bai mai da shi abin sha ba. Kuma duk mai maganin da sharaɗinsa na farko shi ne ka jefar da ƙwayoyinka, ka guje shi, ko wane ne. Hawan jini ba ya ihu. Mutum zai ji garau kwana uku, huɗu, ya ce ya warke, alhali jijiyar ƙwaƙwalwa na dab da fashewa.

Hajiya, abin da nake so ku yi: ku je asibitin da Alhaji yake zuwa mako biyu kafin tafiya, a auna jini da suga da aikin ƙoda. Ku ɗauki maganin da zai wuce kwanakin tafiyar da mako guda, a cikin kwalinsa, a jakar hannu, tare da takardar likita. Idan yana allurar insulin kada a sa ta cikin kayan da ake lodawa a ƙasan jirgi, sanyin wurin na lalata ta, kada kuma a bar ta a rana. Ku tafi da na'urar awon jini da ta suga. Agogon Zanzibar na gaba da namu da awa 2, ku tambayi likitansa yadda zai daidaita lokacin shan magani. A jirgi ya dinga tashi yana takawa, ya sha ruwa. A bakin teku kada ya taka yashi ba takalmi, mai ciwon suga na iya ƙonewa ko ya taka ƙaya bai ji ba, kuma ƙaramin rauni a ƙafarsa ba ƙarami ba ne. Kowane dare ki duba masa tafin ƙafa da tsakanin yatsu.

Idan kika ga bakinsa ya karkace, ko hannu ɗaya ya mutu, ko magana ta harɗe, ko yana ciwon ƙirji, kada a tsaya shafa masa komai, kada a jira gari ya waye. Asibiti kai tsaye. Babban asibitin gwamnati a can shi ne Mnazi Mmoja, a cikin birnin Zanzibar, kuma ku tambayi otal ɗinku asibiti mafi kusa tun ranar da kuka sauka. Jarkar nan kuma ya bar ta a gida.

Tambaya (wani ɗalibi daga Kawo): Ina da sikila. Zan iya bin su Baba?

Amsa: Za ka iya, ɗana, idan likitanka ya duba jininka ya amince. Iskar cikin jirgi ba ta kai ta ƙasa ƙarfi ba, kuma idan ta Addis Ababa za ku bi, garin na kan tudu fiye da mita 2,300, ga sanyi. Ka riƙe rigar sanyi a hannu, ka sha ruwa sosai tun kafin ƙishi ya zo, ka ɗauki magungunanka na kullum da na ciwo. Idan ciwon ya tashi cikin kwana 10 kafin tafiya, a ɗage ta. Kada ka daɗe a ruwa, da ka fito ka goge jiki ka canza kaya, kuma ban yarda ka yi nutso da tukunyar iska ba. Zazzaɓi, ciwon ƙirji ko ɗaukewar numfashi, asibiti nan take.

Tambaya (wata uwa daga Unguwar Dosa): Samarina biyu sun iya iyo, kakarsu kuma ta ba su layar ruwa. Ya isa?

Amsa: Bai isa ba, Hajiya. Laya ba ta taɓa ɗaga kowa a kan ruwa ba, sai dai ta sa yaro ya shiga inda da bai shiga ba. Iyon kududdufin otal ko na Kogin Kaduna da rani daban yake da teku. A gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani, ruwa kan janye ya yi nisa, mutum ya bi yashi yana ɗaukar hoto, sai ruwan ya dawo ya tare masa hanya. Ku tambayi mutanen wurin lokacin dawowarsa kafin kowa ya taka. Akwai kuma igiyar ruwa da ke jan mutum zuwa cikin teku. Wanda ta kama kada ya yi kokawa da ita, ya kwanta a kan ruwa ya ɗaga hannu, ko ya yi iyo a gicciye har ya fita daga cikinta. Kowa ya sa rigar kariya a kwalekwale, har wanda ya iya iyo. Mata ku sani abaya idan ta jiƙe tana nauyi tana naɗe ƙafa, kada ku wuce gwiwa da ita.

Idan an ciro wanda ya nutse, don Allah a daina danna masa ciki ko juya shi kai ƙasa wai ruwa ya fita. Ɓata lokaci ne, kuma amai na iya komawa huhunsa. Idan ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a hura masa iska a baki, a danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi sau 30, a hura sau 2, a ci gaba har taimako ya zo. Ko ya farfaɗo yana cewa lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti.

Tambaya (wani malamin makaranta daga Kakuri): Abincin teku fa? Ba mu saba ba.

Amsa: Ku ci wanda ya dahu sarai, da zafinsa. Wanda bai taɓa cin jatan lande ko kaguwa ba ya fara da kaɗan, idan leɓe ya kumbura ko numfashi ya toshe, asibiti da gudu. Naman kunkurun teku kuwa kada ku taɓa shi ko an ba ku kyauta. A watan Maris na 2024 mutum 9 sun rasu a tsibirin Pemba, maƙwabcin Zanzibar, bayan sun ci shi, 8 daga cikinsu yara ne, kuma dafuwa ba ta kashe gubar. Idan zawo ya kama wani, a ba shi ruwan gishiri da sukari na leda wanda ake sayarwa a kemis, a haɗa shi yadda aka rubuta. A bar ɗura wa mutane filajil da kafso ja da rawaya ba tare da likita ya gani ba. Jini a bayan gida ko zazzaɓi, a je asibiti.

Tambaya (wata matar aure daga Sabon Tasha): Idan mun dawo da zazzaɓi mu sha maganin maleriya kawai?

Amsa: A'a, a yi gwaji tukuna. Bayan maleriya akwai zazzaɓin dengi a gabar Gabashin Afirka, sauron da ke kawo shi da rana yake cizo, kuma maganin maleriya ba ya yi masa komai. Kafin sakamako ya fito a sha farasitamol kaɗai, ban da asfirin da sauran magungunan ciwon gaɓoɓi, don suna iya jawo zubar jini. Ki gaya wa likita inda kuka je da ranar da kuka dawo. Idan kika ga jini a dasashi ko hanci, ko ciwon ciki mai tsanani, ko amai ba tsayawa, kada ki kwana a gida.