Amsa: Yaya rada ke gano motsin narkakken dutse?

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda tauraron ɗan'adam ke hango narkakken dutse alhali yana can ƙarƙashin ƙasa. Ai ba shi yake gani ba, kumburin ƙasa yake aunawa. Idan narkakken dutse ya taru, ƙasar da ke samansa takan ɗaga, kamar ƙurji kafin ya fashe.

Tauraron Sentinel-1 na Turai, wanda aka harba na farkonsa a 2014, yana aiko siginar rada ta bugi ƙasa ta koma. Bayan kwana 12 ya sake bi ta wurin, sai a gwama hotunan biyu a fitar da taswira. Kowane zobe mai launi da ya fito a taswirar na nufin ƙasa ta motsa kimanin santimita 2.8. Gajimare da duhun dare ba sa hana shi aiki, abin da ya fi burge ni ke nan.

A ƙasar Aisland, hotunan sun nuna narkakken dutse na kutsawa ƙarƙashin dutsen Fagradalsfjall kafin amansa na Maris 2021. Sai dai ka kula, tururin ruwa a iska da daji mai duhu kan ɓata awon, kuma ba kowane kumburi ke ƙarewa da aman wuta ba. Shi ya sa ake haɗa shi da na'urorin auna girgizar ƙasa.