Tsohon Filen Ko Sabo Dal? Amsoshin Masu Sha'awar Aikin Katako

Tambaya: Ni ma'aikaci ne a Kaduna, saura shekara biyu in yi ritaya. Ina so in koyi aikin katako da hannu, ba don neman kuɗi ba, don in samu abin ɗebe kewa. Da wane kaya zan fara, kuma sabo zan saya ko na gwanjo?

Amsa: Yallaɓai, Allah ya kai mu lokacin lafiya. Fara da dutsen washi, mai gefe biyu, ɗaya mai kaushi ɗaya mai laushi. Yawancin waɗanda suka fara wannan sha'awa suka watsar, dakusasshen ƙarfe ne ya kore su. Mutum ya yi ta turawa yana gumi, katako yana yagewa, sai ya ce hannunsa ne ba shi da baiwa. Ka koyi wasa baki a kan digiri 25 zuwa 30, har ƙarfen ya aske gashin bayan hannunka.

Bayan dutse sai zarto ɗaya, guduma, sukwaya ta daidaita kusurwa, tef na awo, cizal na sassaƙa biyu ko uku, da filen, wato abin goge fuskar katako. Filen mai lamba 5 nake ba sabon shiga shawara. Tsawonsa inci 14, yana rage kauri kuma yana miƙar da gefe. Mai lamba 4 gajere ne, na gugar ƙarshe, ka bar shi sai hannu ya faɗa.

A nan tsoho ya fi sabon mai araha nesa ba kusa ba. Tunda a Kaduna kake, ka leƙa Panteka, ka kuma tambayi tsofaffin kafintocin da suka koma inji. Idan ka ga wanda aka rubuta sunan kamfanin Stanley ko Record a jikinsa, kifa shi ka dubi wajen bakin da ƙarfen yake leƙowa. Jikin filen ƙarfen zubi ne, in ya faɗi ƙasa tsagewa yake yi. Ka ga tsaga ko tabon walda, ajiye musu abinsu ko da kyauta ne. Sannan ka ɗora rula ta ƙarfe a tafinsa ka ɗaga sama wajen haske. In haske yana ratsawa sosai, tafin ya karkace. Tsatsar sama kada ta tsorata ka, samfefa da ɗan mai sun ishe ta. Wadda ta ci ramuka a bayan ƙarfen yanka ita ce matsala, domin bakin ba zai taɓa yin sumul ba. Karyayyen mariƙi kuwa dama ce ta ragi, kuma ga aikinka na farko: ka sassaƙa wani da guntun maɗaci.

Ranar da ka daidaita shi, za ka ji yana wucewa shuuu, ɓawon katako yana fitowa a nannaɗe kamar fatar albasa.

Tambaya: A akwatin marigayi mahaifinmu na samu filen an rubuta Stanley, Bailey, lamba 4, ƙirar Ingila. Wani ya taya, ya ce kayan tarihi ne. In sayar, ko in yi masa fenti in ajiye?

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙan Baba. Bailey sunan Leonard Bailey ne, Ba'amurken da ya ƙirƙiro wannan samfuri, kamfanin Stanley ya sayi haƙƙin ƙirarsa a 1869. A Ingila kuwa sai ƙarshen shekarun 1930 Stanley ya fara ƙira a garin Sheffield, don haka naki bai girmi wannan lokaci ba. Lamba 4 an ƙera shi birjik, ba zai kawo kuɗin a zo a gani ba. Wanda masu tara kaya suke rububi shi ne lamba 1, ɗan mitsitsi da bai kai inci 6 ba. Fenti kam kada ki yi, rage masa daraja yake. Ki goge ƙura, ki shafa mai kaɗan, ki raba shi da damshi. Da ni ne, jikan da ya nuna sha'awa zan ba.

Tambaya: Na fara da filen ɗaya, yanzu bakwai gare ni, uwargida ta fara magana. Kuma ga wani tsohon zarton Disston an kawo min.

Amsa: Ɗan'uwa, ciwonmu ɗaya, nawa shida ne kuma biyu kawai nake taɓawa. Zarton dai saye shi in ruwansa a miƙe yake. Kamfanin Henry Disston na Filadelfiya a 1840 aka kafa shi, kuma haƙoran zartonsa suna wasuwa da magagari mai kusurwa uku, saɓanin na zamani masu baƙin haƙori da ake yarwa in sun dakushe. Amma kafin ya shigo gida, ka sayar da filen biyu, ka ƙera wa uwargida kujerar tsugunno.