Amsar tambayar Alhaji kan batirin sola da ke mutuwa da wuri

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Alhaji, na saurari saƙonka. Ka ce batira biyu ne masu ruwa, am 220 kowanne, inbata mai bolt 24, fanel biyu masu wat 300, wata takwas da sakawa, yanzu ƙarfe sha ɗayan dare ba ta yi inbata ta fara kuka, kana tambayar wane kamfani ne ya fi. To, Alhaji, ka yi haƙuri, ba zan ambaci kamfani ba. Ko wanda ya fi kowane tsada a Sabon Gari ka ɗauko ka ɗora a kan wannan haɗin, haka zai mutu. Yunwa ce ta kashe batiranka.

Ɗauki biro mu yi lissafi. Batir ɗaya bolt 12 sau 220, wat 2,640 ke nan na awa ɗaya. Biyu, 5,280. Amma batirin ruwa rabinsa ne naka, rabin nasa ne. In kana so ya yi shekaru kada ka zuƙe fiye da rabi, wato 2,640 kake da shi daga magariba zuwa hantsi. Me kake kunnawa? Ka ce fanka biyu, talabijin, ƙwayayen wuta, ga firiza. A ƙalla wat 300 a tare. Awa goma, 3,000. Ita kanta inbata tana cin nata, kamar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, ka ga mun doshi 3,400. Kullum dare kana cin bashi ke nan.

To da rana wa zai biya bashin? Fanel biyu, wat 600. Ranar da ake lissafi da ita a arewa kamar awa biyar ce mai ƙarfi, ba daga fitowa zuwa faɗuwa ba. 3,000 a takarda. Cire zafi, cire ƙura, cire asarar waya, da kyar ka tsira da 2,200. Kuma cikin wannan ɗin firiza ke ci da rana, fanka na juyawa. Me ya rage wa batir? Ka gane? Wata takwas bai taɓa ƙoshi ba ko sau ɗaya, sai in NEPA ta yi abin kirki. Shi kuwa batirin dalma, irin naka mai ruwa, in ya daɗe bai cika ba, wani farin gishiri ne ke daskarewa a jikin farantan ciki, wurin da ya daskare ya daina riƙe wuta. Shi ya sa za ka ga ya nuna ya cika da wuri, ƙarfe goman safe ya ce ful, kuma ya sauka da wuri. Randa ce ta koma kofi.

Saboda haka kafin a yi maganar sabon batir, fanel za ka ƙara. Wajen wat 1,600, wato huɗu masu 400 ko uku masu 550, da kwantirola, wato na'urar da ke daidaita caji tsakanin fanel da batir, nau'in MPPT, ba ƙaramar nan nau'in PWM ba. Kuma kada ka haɗa tsofaffin 300 ɗin da sababbi a layi ɗaya, ƙaramin zai ja babban ƙasa.

Sai saitin inbata, wanda masu haɗawa da yawa ba sa ko taɓawa. Yawancin masu bolt 24 suna zuwa da wurin yankewa a kan 21, wato 10.5 kowane batir. A nan batir ya riga ya zama fanko. A ɗaga shi zuwa 23.5 ko... a'a, bari in faɗa daidai, in kayan wuta na kunne, 23 zuwa 23.5 ya yi, don lamba tana sauka in ana jan wuta. In ka kashe komai ya huta, ka ga 24.2 zuwa 24.4, rabi ke nan. Cikakke in ya huta wajen 25.4. Caji kuma ya kai 28.8 ya zauna a nan awa biyu ko uku, sannan ya sauko 27 da ɗan kai. In takardar batirin ta faɗi wata lamba, bi tata.

Yauwa, ruwa. Wallahi wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum ya kashe dubban ɗaruruwa ya sayi batir, ruwa ya ja baya, sai ya aiki yaro ya sayo fiya wata ya tuttula. Ko ruwan bohol. Ko kuma, wanda ya fi muni, ya ƙara asid. Asid ba ya ƙarewa, jama'a, ruwan ne ke tashi, asid ɗin yana nan. Ka ƙara masa, ka ƙona farantan. Ruwan leda kuma yana da gishiri da ƙarfe a ciki, tsabtarsa ta sha ce, ba ta batir ba. Tataccen ruwan batir za a saya, a duba ɗan tsinken nan da ke yawo a kan murfi, mai nuna yawan ruwa, duk wata, lokacin bazara duk sati biyu. A zuba bayan ya cika caji, kada a cika shi har baki, in ya tafasa zai yi amai ya ci kan batir inda ake ɗaura waya, ka ga koren abin nan ya taru. Kuma har gobe akwai masu cewa ai ruwan sama ma tatacce ne. Wanda ya bi ta kan kwano mai tsatsa da kashin tattabaru? Haba.

Ina na tsaya... zafi. Ƙarfin da aka rubuta a jikin batir a digiri 25 aka auna shi. Duk ƙarin digiri 10 a kan haka yana raba kwanan batirin dalma biyu. Ka tuna Kano ko Sakkwato a watan Afrilu, 40 da ɗoriya, sannan an cusa shi a sito mai rufin kwano ba taga. A sa shi inda iska ke ratsawa, a ɗora a kan katako ko benci. Iskar da yake fitarwa lokacin caji tana kama wuta, kada a kunna ashana ko a ajiye janareta kusa.

Na ga wani ya rubuta "a koma litiyam kawai". Eh, litiyam ya fi, wannan ba gardama. Nau'in LiFePO4 za ka ci kashi 80 zuwa 90 nasa, ba ruwa, yana cika da sauri, yana jure caji da sauka sau dubbai. Mai 24 am 200 ɗaya ya kusan ninka abin da biyun nan ke ba ka. Amma shi ma ba ya samar da lantarki da kansa, in fanel biyun nan ne, ƙarfe biyun dare zai yanke. A tabbata inbatar tana da saitinsa, a kashe cajin daidaitawa da ake yi wa mai ruwa. A yi hattara da wanda aka harhaɗa da tsofaffin ƙwayoyin batir aka liƙa sabuwar takarda, a nemi garanti a rubuce.

Kuma Alhaji kada ka canza ɗaya ka bar ɗaya, tsohon zai cinye sabon. Yanzu dai kafin ka kashe ko sisi, ka kashe firizar da daddare, ka bar batiran su ci caji kwana uku ba kaya, sannan a auna kowanne shi kaɗai da mita, fanka da talabijin na kunne. In ɗaya ya yi ƙasa da ɗan'uwansa da rabin bolt ko fiye, ya tafi. Ka ɗauko hoton lambobin da na bayan fanel ɗin ka turo nan.